Garejin da ya gano tushen yoyon mai a bayan motata a Suame

A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, masu kwance ƙarfe su ɗaura wani suna da yawa, amma makanikin da zai tsaya ya yi bincike kafin ya aiki mutum sayen kaya shi ne ake nema da fitila. Garejin da nake son in yi bayani a kansa yana cikin layukan masu gyaran motocin shiga daji, idan an wuce shataletalen Suame an kama hanyar Offinso, kuma 'yan uwanmu na Aboabo da Asawase masu zuwa ƙauyuka sayen hatsi sun san shi. Na kai masa Toyota Hilux ƙirar 2012 mai shan dizal, wadda nake ɗauko masara da doya da ita daga ƙauyukan Ejura da Atebubu, saboda ɗigon mai da take bari a ƙasa ta wajen tayar baya ta dama duk inda ta kwana.

Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan garejin, wanda yaransa ke kira Masta, bai taɓa sifana ba sai da ya yi mini tambayoyi. Ya tambayi ko ɗigon ya fi yawa bayan doguwar tafiya, ko birki ya canja, ko kuma na ratsa rafi da motar a daminar nan. Daga nan ya dangwali man da yatsa, ya murza, ya sunsuna, ya bayyana mini cewa abubuwan da ke iya zuba a bayan irin wannan mota ba su da yawa, kuma kowanne yana da alamarsa. Man giya yana da kauri da wari mai hawa kai irin na farar wuta. Man birki ba shi da kauri sosai, yana da santsi, yana cin fenti, kuma yana narkewa a ruwa, saboda haka idan aka ɗiga masa ruwa ba ya tasowa sama kamar sauran mai. Dizal warinsa ba ya ɓoyuwa, man shokazoba kuwa yakan jiƙa jikin shokazobar ne ƙura ta manne masa, da wuya ya taru a ƙasa. Ruwan da ke ɗiga daga bakin salansa da safe tururi ne kawai da ya huce, ba abin damuwa ba ne. Ya kuma buɗe gaban motar ya duba kofin man birki, ya ga yana nan a cike, sannan ya ce wanda ke zuba man giya ne.

Sanin irin man bai isa ba, kuma a nan ne na ga bambancin wannan gareji. Ƙarƙashin motar da ke bin jar hanya yakan cika da laka da tsohon mai, iska kuma tana kora kowane ɗigo zuwa baya yayin tafiya, ta yadda man da ya fito daga sil ɗin bayan akwatin giya, wato zoben robar da ke hana mai fita, zai iya bin farfela, sandar da ke kai juyi zuwa baya, ya bayyana a jikin aksil, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya wanda shi ma man giya ke cikinsa, a ɗora wa aksil laifin da ba nasa ba. Saboda haka suka hau da motar kan rami, suka wanke ƙarƙashinta tas, suka bar shi ya bushe, suka barbaɗa farar hoda a kan aksil ɗin tun daga tulun giya na tsakiya har zuwa bayan kowace taya. Wani yaro ya zagaya da motar har ƙarfe ya ɗauki zafi. Da aka dawo da ita, sawun mai ya fito a kan hodar ƙarara: bakin farfela a bushe yake, notin zubar da mai ma haka, amma akwai siririn layi da ya gangaro daga bayan gangar birki ta dama. Masta ya ce ƙa'idarsa ita ce a bi jiƙa zuwa wuri mafi tsayi kuma mafi kusa da gaban mota, domin can ne mafari.

Da suka cire gangar birkin, sai ga takalman birki sun sha mai sun yi baƙi, alamar sil ɗin aksil ya saki. Wani makanikin a nan zai tsaya, ya sa sabon sil ya karɓi kuɗinsa. Shi kuwa ya koma ƙarƙashin motar ya kwance wani ɗan ƙaramin murfi da ke saman aksil, wanda aikinsa shi ne fitar da iska idan man ya yi zafi, ya nuna mini yadda busasshiyar laka ta toshe shi gaba ɗaya. Ya ce, "Alhaji, ga mai laifin nan." Bayaninsa ya gamsar da ni. Idan hanyar iskar ta toshe, zafi yana tara matsi a cikin aksil, matsin kuma yana tura mai ta wurin da ya fi rauni, wato sil. Idan kuma aksil mai zafi ya shiga ruwan rafi mai sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa har ya zuƙo ruwa. Hakan ya tabbata da suka juye tsohon man, domin ya fito da launin toka-toka kamar kokon da aka dama da ruwa da yawa, maimakon launin mai na ƙwarai. Na lura cewa sun fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, don kada a juye mai sannan a tarar notin sama ya cije.

Aikin da suka yi ya haɗa da sabon sil, da tsabtace murfin iskar, da sabon man giya 80W-90 mai lambar GL-5, wanda aka zuba har ya kai bakin ramin cikawa. Sun gwada boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa suka ga ba ya girgiza, don haka ba su sa ni saye ba, kuma wannan gaskiyar ta ƙara musu daraja a idona, domin da sun ce a canja ba zan yi musu ba. Takalman birki kuwa Masta ya ƙi amincewa a wanke su da fetur a mayar, ya ce man da ya ratsa cikinsu zai sake tasowa da zarar sun yi zafi, kuma dole a canja na tayoyin baya biyu tare don kada motar ta riƙa karkata gefe ɗaya idan an taka birki da kaya a bayanta. Ya haɗa ni da yaronsa muka je shagon kayan gyara na biya da hannuna, na ga abin da na saya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Wurin ba shi da inuwar zama ta kirki, kuma aikin ya cinye yini guda, domin Masta yana duba motoci da dama a lokaci ɗaya, yaransa kuma ba sa ɗaura komai sai ya gani. Ba su ba da rasit ba sai da na nema. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon man da ya zube gefen rami aka bar shi yana bin ƙasa zuwa kwata, alhali irin wannan mai yana ƙarewa ne a rafukan da jama'a ke amfani da su, kuma na faɗa masa haka a gaban yaransa.

Kuɗin aiki bai fi ƙarfin mai ƙaramin kasuwanci ba, kuma sun karɓa ta waya. Tun daga lokacin na yi lodi zuwa Ejura na dawo, kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashin aksil yana wayar gari a bushe. Masta ya shawarce ni in dawo kafin damina mai zuwa a sa wa murfin iskar doguwar tiyo a ɗaure ta sama a jikin shasi, yadda ruwan rafi ba zai kai bakinta ba, kuma na yi niyyar komawa wurinsa a yi wannan aikin.