Sharhi kan binciken NBS game da ladan 'yan ƙwadagon gona

Duk mai neman sanin abin da ɗan ƙwadago ke samu a gonakin Najeriya, ba shi da madogarar da ta fi binciken gidaje na GHS-Panel, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ke gudanarwa tare da Bankin Duniya. An fara shi a 2010/11, aka maimaita a 2012/13, 2015/16, 2018/19 da 2023/24, kuma yana bin kimanin gidaje 5,000.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda tsarin ya dace da damina. Ma'aikatan suna ziyartar kowane gida sau biyu, bayan shuka da kuma bayan girbi, su tambayi manomi gona-gona: mutum nawa ya ɗauka, maza ne ko mata ko yara, kwana nawa suka yi, nawa aka biya su, kuma wane aiki iyalin gidan suka yi da kansu. Ta haka ake iya ganin bambancin ladan mace da na namiji, abin da kowa ya sani a karkara amma ba kasafai ake rubuta shi ba. Bayanan kyauta ne a intanet.

Sai dai mai gona ake tambaya, ba wanda ya duƙa da fartanya ba. Baƙon da ya zo aikin girbi ya koma garinsu, ladansa daga bakin wanda ya biya shi kawai ake jinsa. A ganina ma lissafin kwana-kwana bai cika kama aikin jinga ba, inda ake ciniki a kan gona sukutum, balle gayya ko biya da damin hatsi. Sakamakon kuma na shiyyoyi shida ne, don haka ba zai raba Kano da Zamfara ba.

Tazarar shekara biyar tsakanin zagaye biyu na ƙarshe ta yi yawa, musamman da yake cire tallafin mai a 2023 ya sauya farashin komai. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafi masu aikin noma na lokaci-lokaci ba, saboda haka alƙaluman nan ne kusan kaɗai shaidar halin da suke ciki.

Ɗalibai da 'yan jarida za su amfana da shi sosai, muddin suna da Turanci da ɗan sanin sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Ya kamata NBS ta riƙa fitar da taƙaitaccen rahoton lada kowace shekara, a kuma karanta shi da Hausa a rediyo.