Hattara da mai sayar da "enkodar haske" ta bogi

'Yan uwa masu haɗa rediyo da hannu, a yi hattara. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da enkoda, wato maɓallin da ake murɗawa a canza tasha, wai ta haske ce, wai da ka ɗaura ta a VFO, wato sashen rediyo da ke saita mitar da ake kamawa, ka rabu da tsallen sigina ke nan. Ƙarya yake yi, ni ma ya ci kuɗina.

VFO ɗina na Si5351 ne, wato guntun lantarki mai samar da sigina, da Arduino, 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi. In na murɗa taki ɗaya sai mita ta yi tsalle biyu ko uku, wani lokaci ma ta ja da baya. Tsohon ciwo ne. A enkoda irin EC11 ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, kafin ya zauna sai ya yi 'yar rawa ta 'yan milisakan, Arduino kuwa duk rawar nan ƙirga ta yake yi. Ta haske ba ta da wannan matsala, don LED ce da faifai mai tsaga-tsaga, babu abin da ke taɓa wani.

Kaya ya iso a dunƙule cikin baƙin gam. Tsallen ya ragu kam, amma da na murɗa da sauri sai ta riƙa haɗiye taki. Na fasa gam ɗin. Me zan gani? Enkodar ƙarfe ce zalla, an manna mata kafasita biyu manya-manya. Wayar wutar da ya fito da ita ma rezista biyu kawai take ciyarwa. Da na yi masa magana sai ya ce ni ne ban iya haɗi ba, daga nan ya toshe ni.

Gwajin bai da wuya. Sa maltimita, na'urar awon lantarki, a wurin da take ƙara in wuta na iya wucewa, tsakanin ƙafar A (ƙafafun A da B ne ke fitar da sigina) da ta ƙasa, wato GND, kada ka ba ta wuta, ka murɗa a hankali. In ta yi ƙara tana yankewa, ta ƙarfe ce, don ta haske ba ta cewa uffan sai da wuta. Kuma duk mai sayarwar da ya ƙi nuna lambar samfuri da takardar bayanan kaya, ka kama gabanka.

Abin haushi, maganin yana hannuna tun farko. Na mayar da tsohuwar EC11 ɗina, na sa rezista 10k da kafasita 10nF a layin A da na B, na bi da su ta 74HC14, guntun lantarki mai tsaftace sigina. A manhaja kuma na daina ƙirga kowane motsi, sai an bi jerin matakan A da B cif kafin mita ta gusa. Tun ranar ba ta sake tsalle ba.