Asibitin dabbobin da ya duba tsohuwar karyata mai kansar nono a Kaduna

Idan tauraro biyar ake bayarwa to ni huɗu zan ba su, ɗayan da na riƙe kuma akwai dalili, zan zo kansa. Asibitin dabbobi ne mai zaman kansa a nan Kaduna, ɓangaren kudu bayan ka haye gada, ba wani babba ba ne, ɗakin duba dabba ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya, sai ɗan shagon magani a gaba inda masu kaji ke layin sayen rigakafi. Suna kam ba zan sa ba, tunda maganata akwai yabo akwai ƙorafi, ba na so a ce na fito ɓata wa mutane sana'a.

Wadda na kai ita ce Kyalla, karyar da ke gadin gonar kajina a wajen Rigachikun. Shekararta 11, ruwa biyu ce, ubanta alseshan, irin manyan karnukan nan na Turawa, uwarta ta gida. Tun tana kwikwiya take wurin, ɓarawo bai taɓa kwasar mana kaza ba tana tsaye, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa baki kan ɗan tsako ba. Yaron gona ne ya fara jin wani ƙulli a nononta na baya lokacin da yake cire mata kaska, kafin damina ta fita abin ya kai girman ƙwan kaza, fatar wajen ta yi ja tana sheƙi, ita kuma sai lasa take yi dare da rana.

Na san akwai masu cewa kare ne fa, har an faɗa min a fuska, wani ma cewa ya yi in kai ta daji in sake ta in samo sabo. Ni abin da na sani shi ne addini ya yarda a ajiye kare don gadin gona da kiwo da farauta, kuma hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah Ya gafarta masa, kowa ya san shi. Dabbar da ta yi maka aiki shekara 11 tana da hakki a kanka ranar da ƙarfinta ya ƙare, wannan a wurina ba abin muhawara ba ne.

Abin da ya fara burge ni da wurin, ba wanda ya yi min kallon mamaki. Aka buɗe kati, aka tambayi takardar allurar haukan kare, aka ɗora ta a sikeli, ma'aikacin da ke riƙe dabbobi ya sa mata takunkumi a hankali yana mata magana ƙasa-ƙasa, bai ja ta da sarƙa ba kamar yadda na saba gani a wasu wuraren. Likitar mace ce, Hausa a bakinta tsaf. Ta sa aka kwantar da Kyalla ta gefe, ta bi nonuwan nan guda goma ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ta taɓa hammata da matsematsi tana neman kaluluwa, ta ɗauko ɗan ma'auni ta gwada ƙarin ta ce ya ɗan haura santimita biyar, sannan ta gano wani ƙarami a nonon da ke gabansa wanda mu duk ba mu ji shi ba. Ta ɗago ta ce, Malam zauna mu yi magana, wannan ba abin da za a yi wa allura a sallame ka ba ne.

Wannan zaman shi ne ainihin abin da na biya kuɗi a kai, kuma shi ya sa nake wannan rubutun. Ta ɗauki takarda ta zana min. Ta ce ƙarin nono shi ne wanda ya fi kama karyar da ba a cire wa mahaifa da ƙwan haihuwa ba, nonuwan baya ya fi kamawa, kuma kusan rabinsu mugu ne wato kansa, rabi kuma mai zama wuri ɗaya ne ba ya yawo. Da hannu ba a iya bambance su, sai an cire an kai ɗakin gwaji an duba naman a madubin likita. Girma yana da magana, wanda bai kai santimita uku ba an fi sa rai da shi, wanda ya wuce biyar kuma yana saurin girma to a shirya jin labari mara daɗi. In mugun ne, huhu ya fi nufa. Shi ya sa ta ce ba za ta sa wuƙa ba sai ta ga hoton ƙirji da gwajin jini, don in ya riga ya cika huhu, yanka tsohuwar dabba wahala ce kawai za a ƙara mata a kuma karɓi kuɗina a banza.

Na ce Dakta, akwai abokina da karensa ya yi kansa, allura kawai aka riƙa yi masa mako-mako ya warke tas, me ya sa tawa ba za a yi haka ba? Ba ta yi min dariya ba. Ta tambaya a ina abin ya fito wa karen, na ce a gabansa, yana zubar jini. Ta ce wannan wani iri ne daban da karnuka masu yawo ke ɗauka wajen barbara, yana da yawa a garuruwanmu, kuma maganin da ake kira vincristine yana narkar da shi cikin 'yan makonni, yawancinsu suna warkewa. Na nono ba ya jin wannan maganin haka, tiyata ce babban maganinsa. Wallahi da wani wurin na faɗa, da sai a yi ta tsira mata allurar nan ana karɓar kuɗi tunda ni da bakina na nema.

Hanya uku ta shimfiɗa min. Ko a cire ƙarin da nonon da ke maƙwabtaka da shi don kada ya fashe ya zama gyambo, wanda a gonar kaji da ƙuda ya yi yawa ka san tsutsa ce za ta biyo baya. Ko a yi tiyatar sannan a bi da maganin kansa na jijiya irin su doxorubicin duk bayan mako uku, ta ce in wannan nake so gara ta rubuta min takarda zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya inda kayan aiki da ƙwararru suka fi yawa. Ko kuma a bar ta da maganin rage zafi da wankin ciwo har iya kwananta. Kan hanya ta biyun ta faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa karnuka ba sa jigata da maganin kamar mutane don ba a ba su da ƙarfi haka, amma a kansar nono ba a tabbatar yana ƙara kwana sosai ba, shi doxorubicin yana iya taɓa zuciya, ga jigilar tsohuwar dabba a mota, ga gwajin jini kafin kowace allura. Na ce in taki ce ya za ki yi? Ta ce in huhu lafiya zan cire, in tsaya nan, amma kai ka san aljihunka kuma kai ka san dabbarka.

To ga inda tauraron nan ɗaya ya faɗi. Ba su da injin hoto. Sai da aka tura ni wani wuri can daban, su kuma wai sai yamma bayan mutane sun watse za su karɓi kare, na zauna da dabba mara lafiya a bayan mota cikin zafi muna jira. Asibitin da ke yin tiyatar kansa ya kamata a ce ya tsara wannan tun da wuri, ko da yarjejeniya ce da lokaci tsayayye, ba a bar mai dabba yana roƙo a bakin ƙofa ba. Wurin jiransu ma rumfa ce guda, mai akuya, mai mage a kwali, mai ƙaton kare duk a benci ɗaya, kowa na riƙe da nasa a tsorace. Sannan lambar da suka ce ta gaggawa, daren da aka yi tiyata na kira ta har na gaji ba a ɗauka ba, sai da safe aka kira ni ana ba ni haƙuri. Ciwon ne ya ɗan kumbura yana tsatsafar da ruwa, ashe abu ne da aka saba gani, amma ni a daren ina zan sani?

Hoton ya nuna huhu fes a lokacin. Jinin ne ya zo da matsala, ƙoda da hanta lafiya amma ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun yi ƙasa, ta ce alamar cutar da kaska ke sa wa karnuka ce, in aka yanka a haka jini zai iya ƙin tsayawa. Ta ɗage aikin, ta ɗora ta kan doxycycline kusan wata guda, aka sake gwaji sannan aka sa rana. Ni a lokacin gani nake ana ɓata lokaci ƙari na ƙara girma, ta zaunar da ni ta nuna min lambobin a takarda, na gamsu.

Kuɗi kuwa, ba araha ba ne, kada in yaudari kowa. Gwajin jinin da hoton kaɗai sun kusa rabin kuɗin tiyatar, ga magunguna, ga kuɗin kai naman ɗakin gwaji. Amma komai an rubuta min a takarda kafin a fara, abin da aka rubuta shi na biya, ba a fito da wani sabon lissafi ba bayan dabba ta riga ta kwanta a tebur. Sun karɓi tiransifa, sun ba da rasit, kuma sun yarda na biya kashi biyu.

Ranar aikin aka ce kada ta ci komai tun dare. Sun aske cikin, sun sa mata ƙarin ruwa, janareta na kunne tun kafin a fara ba a jira a ga ko za a ɗauke wuta ba, wannan na lura da shi kuma na ji daɗi. Da ta farfaɗo aka kira ni ciki, tana kwance kan bargo, ɗinki tun daga wajen cibiya har matsematsi, harshe a waje, da ta ji muryata sai wutsiyar ta buga ƙasa sau biyu ta kasa ɗagowa. Dakta ta nuna min abin da ta cire a cikin kwalba da ruwan fomalin, ta manna suna da kwanan wata a gabana. Aka sa mata abin wuya na roba mai faɗin baki don kada ta tsinke ɗinkin da haƙori, aka ce mako biyu a cire zare. Duk kwana biyu ina tura hoton ciwon ta WhatsApp tana amsawa da kanta, wani lokaci da saƙon murya.

Sakamakon naman ya daɗe fiye da yadda aka ce, sai da na yi ta bibiya, wannan ma ƙorafi ne ko da yake ba a hannunsu gwajin yake ba. Da ya zo, mugun ne. Ba ta turo min a waya ba, cewa ta yi in zo, ta karanta min ta fassara, ta ce abin da tiyatar ta saya mana lokaci ne mai daɗi, ba warkewa ba, mu riƙa hoton ƙirji bayan kowane 'yan watanni.

Kuma lokacin mun same shi. Kyalla ta koma zagayen shinge, ta koma kwanciya a bakin ɗakin ajiyar abinci, ba wari ba ƙuda. Sai da hunturu ya shigo ta fara wani busasshen tari da haki ko ba ta yi gudu ba, aka sake hoto, ga ɗigo-ɗigo farare a huhun. Yanzu tana kan piroxicam, maganin rage zafi da kumburi, ana ba ta da abinci tare da maganin kare ciki, an ce in na ga amai ko baƙin kashi in tsayar in kira nan take, kuma ana duba ƙodarta lokaci-lokaci. A nan zan roƙi masu karnuka, don Allah kada ku shiga kemis ku sayo ibuprofen ko diclofenac ku ba kare don kun ga yana jin ciwo, yana huda musu ciki yana kashe ƙoda, Dakta ta ce suna yawan karɓar irin waɗannan bayan aikin gama ya gama.

Maganar allurar ƙarshe ma ita ta fara ɗauko ta, ni na kasa. Ta bayyana min yadda ake yi, ana fara sa dabbar barci sannan a ba ta maganin ta jijiya, cikin 'yan mintoci ba tare da ta ji komai ba. Ba ta matsa min ba ko kaɗan. Ta ce in rataye kalanda, ranar da ta ci abinci ta tashi da kanta ta tarye ni in sa alama, ranar da ta kasa in sa wata, in ranakun wahala suka rinjayi na daɗi ko numfashi ya fara gagararta ko a kwance, to lokaci ya yi. Na kai maganar wurin malaminmu don hankalina ya kwanta, ya ce malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da aka fid da rai da ita tana shan azaba. Asibitin sun ce suna zuwa har gona su yi, da ƙarin kuɗin mota, don kada a wahalar da ita a hanya, na riga na ce musu haka nake so in ranar ta zo.

Wanda ke da kwikwiya mace kuma ba kiwon 'ya'ya zai yi da ita ba, ya tambayi likita maganar cire mahaifa da ƙwan haihuwa tun kafin ta fara neman namiji, don yin sa da wuri yana rage haɗarin wannan ciwon ƙwarai, in ta manyanta kuma amfanin ya ragu, a nan asibitin suna yi kuma kuɗinsa bai kai na abin da na biya ba. Wanda kuma tasa ta riga ta tsufa ya ji ƙulli a nono ko ƙarami ne, ya je da safe kafin masu kaji su cika wurin, ya tafi da katin rigakafi, ya nemi a tsara masa inda za a yi hoton ƙirji da lokacin tun kafin ya baro gida, ya kuma karɓi lambar likitar kanta ba ta kan allo ba.