Tuƙin jirgin sama: dogon zango ko gajere?

Samarin unguwar Nima da ke Accra sun sha tambayata wanne ya fi.

Accra zuwa Kumasi bai kai awa ɗaya ba. Tashi da sauka sau da yawa a yini, hannu ya faɗa da wuri, dare kuma a gida.

Accra zuwa Niyok kuwa awa 10 ne ko fiye bisa Tekun Atilantika. Can tsakiya na'urar rada ba ta hango jirgi, sai a dogara da GPS da rediyon HF mai cin dogon zango, matuƙa uku na karɓa-karɓa. Albashin yakan fi tsoka, amma kwanan otal da bambancin lokaci na awa 4 ko 5 suna cinye barci, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sabon shiga da mai ƙananan yara, gajere ya fi musu. Gogagge mai jure gajiya ya nemi dogo.