Wata takwas ina auna INR ɗina a gida

Tun da aka sa mini bawul ɗin ƙarfe a zuciya a cibiyar Salam da ke Khartum, ni da warfarin, maganin hana jini daskarewa, mun zama mutu ka raba. Likita ya ce lambar INR ɗina, wato ma'aunin lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, ta riƙa tsayawa tsakanin 2.5 da 3.5. In ta sauka, jini na iya daskarewa a jikin bawul ɗin. In ta hau, dasashi ya fara zubar jini, ko abin da ya fi haka muni. A da, duk wata sai na shiga motar Kano da asuba, a ja jini a jijiya, in zauna a benci har la'asar, wani lokacin ma a ce in dawo gobe.

Ƙanena ne ya aiko mini da na'urar auna INR a gida daga Ingila. Ba ta fi tafin hannu da yawa ba, da batir take aiki. Za ki zura tsinken gwajin, ki jira ta yi ƙara, ki tsaga gefen yatsa, ki ɗiga jinin a kan tsinken. Kafin minti ɗaya ya cika lamba ta fito. Ranar farko na ɗauke ta zuwa asibiti, aka auna ni da tasu, na auna da tawa. Tasu ta ce 2.9, tawa 3.0. Daga nan hankalina ya kwanta da ita.

Inda ta burge ni shi ne lokacin azumi. Ni da kwaɗon zogale ba ma rabuwa, kusan kullum da shi nake buɗa baki. Sati biyu da fara azumi na auna, sai ga 1.9. Ganye irin su zogale da alayyahu suna da bitamin K, shi kuwa yana rage wa maganin ƙarfi. Da sai ƙarshen wata zan sani. Na kira likitana, ya gyara mini ƙwayoyin, ya ce, "Hajiya, ba a hana ki zogale ba, amma ki riƙa ci daidai wa daida, kada yau kwano gobe babu." Wani karon kuma mai kyamis ya ba ni Flagyl saboda ciwon ciki, kwana huɗu lamba ta haura 4.6. Wannan karon sai da na je lab aka tabbatar, don in lamba ta yi sama sosai ba a dogara da na'urar ita kaɗai.

Tsinken gwajin ne matsalar. Kowanne sau ɗaya ake amfani da shi, ga tsada, kuma a garinmu babu mai sayarwa. Da hunturu na ɓata uku a rana ɗaya saboda yatsana ya yi sanyi, jinin ya ƙi fitowa, kuma ɗigon da ya wuce daƙiƙa 15 bai da amfani. Har ƙwalla na yi. Yanzu sai na jiƙa hannu a ruwan ɗumi, in saukar da shi ƙasa na ɗan lokaci kafin in tsaga. Kada a matse yatsan da ƙarfi.

Sai zafi. An rubuta a jikin kwalin kada ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin ma tanderu ne. A gindin randa nake ajiye robar tsinkayen, cikin leda, da murfinta a rufe gam.

Wata maƙwabciyata mai shan rivaroxaban, wani maganin hana jini daskarewa na daban, ta zo in ara mata na'urar. Na ce ba za ta yi mata amfani ba, wannan gwajin na masu warfarin ne da ire-irensa. Kuma ban taɓa ƙara ko rage ƙwaya da kaina ba. Lambar nake rubutawa a littafi, in ɗauki hoto in tura wa likita ta WhatsApp.

Jiya ta nuna 2.8. Tsinke biyar suka rage mini, na riga na fara yi wa ƙanen nawa tuni.