Wattpad: abin da yake ba matashi mai karatu da abin da yake karɓewa daga marubucin labarin matasa

Allen Lau da Ivan Yuen ne suka kafa Wattpad, dandalin intanet da kowa ke iya ɗora labarinsa wasu su karanta, a birnin Toronto na Kanada a 2006, da nufin mutane su riƙa karanta labari a kan wayar hannu. A 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu, mai manhajar Webtoon, ya saye shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 600. A lokacin dandalin yana cewa mutum miliyan 90 ke shigarsa duk wata, kuma mafi yawansu matasa ne. Duk wanda ke rubuta labarin 'yan shekara goma sha, ko yake da ɗa ko ƙanwa da ba ta ajiye waya saboda "bari in ƙarasa wannan babin", ya kamata ya san yadda wurin ke aiki daga ciki. A ganinmu Wattpad dandalin sada zumunta ne da aka gina a kan labari, kuma alherinsa da illarsa duk daga nan suka taso.

Mu fara da mai karatu. Buɗe asusu kyauta ne, ana buƙatar adireshin imel da sunan da za a san mutum da shi da ranar haihuwa, kuma ƙa'ida ita ce sai wanda ya kai shekara 13. Mafi yawan labaran ba a biyan ko kwabo a karanta su, sai dai a sha talla tsakanin babi da babi, wani lokaci har da bidiyo mai cin data. Labaran da mai asusun kyauta zai iya ajiyewa ya karanta ba intanet 'yan kaɗan ne. Wanda ya biya kuɗin Wattpad Premium ana cire masa tallar, a kuma sakar masa mara wajen ajiya. Shafin karatun kansa ba shi da laifi: ana ƙara girman rubutu, ana mayar da shafi baƙi saboda dare, kuma manhajar tana tuna inda aka tsaya.

Abin da ya sa yaron da ba ya iya gama shafi goma na littafin makaranta yake cinye babi talatin a nan ba boyayye ba ne. Babin gajere ne, ana gama shi cikin minti goma. Jaruman sa'o'insa ne, matsalolinsu irin nasa ne. Sannan ba shi kaɗai yake karatun ba, domin a gefen kowane sakin layi akwai ɗan kumfa mai lamba, in ya taɓa sai ya ga abin da wasu suka ce a daidai wannan wurin: wannan na dariya, waccan na zagin mugun labarin, wani na hasashen abin da zai faru. Ga matashin da ya ɗauki karatu a matsayin horo, wannan babban abu ne, kuma ba mu san wata manhajar karatu da ta fi Wattpad iya shi ba.

Sai dai babu edita tsakanin marubuci da mai karatu. Kuskuren rubutu, haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ruɗewar lokaci a tsakiyar jimla, duk suna shiga idon yaro har su zame masa daidai. Labarai da yawa kuma ba a ƙarasa su. Kafin a fara dogon labari a duba ko an yi masa alamar kammalawa, in ba a yi ba a duba ranar da aka saki babin ƙarshe. In ya haura wata shida, da wuya mai shi ya dawo.

Batun tarbiyya shi ne inda dandalin ya fi rauni. Akwai maɓallin Mature da marubuci zai kunna idan labarinsa na manya ne, sai manhajar ta ɓoye shi daga asusun masu ƙananan shekaru. Amma tsarin ya dogara ne a kan gaskiyar mutum biyu: marubucin da zai kunna maɓallin, alhali ya san kunnawar za ta rage masa masu karatu, da yaron da zai rubuta ainihin shekarar haihuwarsa, alhali ba mai tambayarsa shaida. A 2024 kamfanin ya tsaurara dokarsa a kan rubutun batsa da ya shafi jaruman da ba su kai shekara 18 ba, ya kuma rufe saƙon sirri tsakanin masu asusu gaba ɗaya. Matakin ya yi kyau, amma allon saƙo na fili da wurin sharhi suna nan, kuma ta nan ake cewa "zo mu yi magana a wata manhajar". Ga iyaye da malamai, abin yi bai da yawa: a zauna tare da yaron a buɗe asusun da shekarunsa na gaskiya, kada a sa cikakken suna ko hoton fuska ko sunan makaranta, a kuma ba asusun kalmar sirrin da ba a amfani da ita a ko'ina, domin a 2020 an taɓa sace bayanan miliyoyin asusun dandalin. In ana son sanin ingancin labarin da yaro ke bi, babin farko ba ya nuna komai. A buɗe ɗaya daga tsakiya, a karanta har da sharhin da ke gefensa. A kuma lura cewa jerin karatun da ke kan shafin mutum kowa na gani, amma ɗakin ajiyarsa na ciki shi kaɗai ke gani, don haka duba shafin daga waje ba ya faɗin abin da ake karantawa. Sanarwar sabon babi kuwa a kashe ta da dare, ita ce ke cinye barci.

Ɓangaren marubuci ya fi faɗi. Ɗora labari abu ne mai sauƙi: suna, taƙaitaccen bayani, bango, harshe, rukunin masu karatun da ake nufi, nau'in haƙƙin mallaka, sai alamomin bincike, wato kalmomin da ake nemo labari da su, har 25. Labari ɗaya yana ɗaukar babi har 200. Bangon a yi shi a kan awon pixel (ɗigon hoto) 512 a faɗi da 800 a tsawo, amma a tuna a waya ƙanƙane zai fito, bai wuce kan babban yatsa ba. Siririn rubutu mai lanƙwasa ɓacewa yake yi, hoto mai tarkace kuma ya zama dusu-dusu. Hoto ɗaya, suna da manyan haruffa, shi ke nan. Wajen alamomi, kuskuren sabon shiga shi ne cika gurbin duka da manyan kalmomi irin su soyayya da makaranta, inda labaran da ke gasa ba su ƙirguwa. Kowace alama tana da nata jerin matsayi, saboda haka a haɗa manya huɗu ko biyar da ƙanana masu bayyana ainihin labarin, inda zai iya hawa sama a gan shi. Idan sunan labarin yana da harafi mai ƙugiya, a sa shi a cikin alamomin da ƙugiyar da kuma babu ita, don yawancin masu bincike ba sa wahalar da kansu.

Kada a yi rubutun a cikin manhajar kai tsaye. Tana ajiye tsofaffin kwafi na kowane babi, amma wanda ya buɗe babi ɗaya a waya da kwamfuta, ko intanet ta yanke masa yana tsakiyar gyara, yana iya wayar gari tsohon kwafi ya hau kan sabo. A rubuta a wani wuri, a kwafo a liƙa, sannan a duba tazarar layuka kafin a saki, domin liƙawar takan ninka su.

Yanzu ga kumfan sharhin nan, ta fuskar mai rubutu. Babu wani malamin adabi da zai ba ka abin da suke bayarwa. Ka saki babi da yamma, da safe ka ga sakin layi na bakwai yana da sharhi arba'in, shafi biyun da ka fi wahala a kansu kuma ko ɗaya babu. Ka san inda aka yi dariya, inda aka ji haushi, inda aka tsallake. Idan mutum biyar suka tambayi "wai wace ce wannan?" a wuri guda, ka gabatar da jarumar da gaggawa ne. Idan aka gano sirrin da ka ɓoye tun babi na huɗu, alamunka sun yi yawa. Marubucin labarin matasa wanda ya girme wa jarumansa kuma a nan zai ji yadda 'yan shekara sha biyar ke magana yau, da abin da ke ba su kunya, da abin da suke tsoro. Layin da aka fi rubuta "wallahi ni ce wannan" a ƙarƙashinsa yawanci ba na soyayya ba ne. Na yarinyar da ƙawarta ta sauya mata ne ba dalili, ko yaron da ake gwada shi da yayansa kullum. Mai neman abin da zai rubuta a kai ya fi samun sa a irin wannan wurin fiye da jerin labaran da ke tashe, inda attajiri mai girman kai da yarinya marar gata suke ta maimaita kansu da sababbin sunaye.

Illar kuma a nan take. Tun da kowane sakin layi ƙofar sharhi ne, marubuci yakan fara daddatsa rubutunsa don ƙofofin su yi yawa. Sannu a hankali siffanta wuri da zurfin tunani su mutu, a bar musayar magana zalla da jimloli masu neman tafi. Kowane babi sai ya ƙare a kan tsini, ko labarin bai buƙata ba, har mai karatu ya daina razana. Mafi muni shi ne masu sharhi su karɓe alƙalamin. Suna son wane ya auri wance, suna son a hukunta muguwar tun yanzu, suna roƙon kada labarin ya ƙare. Wanda ya shiga bai san ƙarshen labarinsa ba zai bi su, tsakiyar ta kumbura, labarin babi talatin ya kai tamanin ba inda ya dosa. Masu sharhin ma ba su ne duk masu karatu ba, su ne dai masu surutu a cikinsu.

Maganin shi ne shiri tun da wuri. A rubuta ƙarshen labarin, ko da a shafi ɗaya ne, kafin a saki babin farko. A tara babi takwas zuwa goma a hannu, yadda sharhin yau ba zai taɓa babin gobe ba, kuma jarrabawa ko rashin lafiya ba za su katse sakin ba. Babi ya tsaya tsakanin kalma 1,500 da 2,500, a riƙa sakin ɗaya ko biyu a mako a ranaku sanannu. A karɓi gyara a kan abin da bai fito fili ba, a ƙi karɓa a kan inda labari zai nufa. Wani abin lura: in aka goge sakin layi ko aka sauya shi sosai, sharhin da ke manne da shi yakan balle daga wurin, don haka babban gyara a kwashe abin da ake so daga sharhin tukuna.

Lambobin dandalin ma suna ruɗi. Adadin karatun da ke ƙarƙashin bango jimillar na dukkan babuka ne. Labari mai babi 40 da ke nuna 20,000 yana nufin kusan mutum 500 a kowane babi, ba mutum dubu ashirin ba. Abin dubawa shi ne shafin ƙididdiga, a gwada babi na ɗaya da na biyu, sannan na biyu da na goma. Faɗuwa daga na ɗaya zuwa na biyu kowa na samun ta, masu leƙe ne suka wuce. Faɗuwa mai tsanani a tsakiya kuwa tana nuna babin da ya kori mutane, a koma a karanta shi da idon basira. Cinikin "karanta nawa in karanta naka" da musayar ƙuri'a (alamar yabo da mai karatu ke danna wa babi) yana kumbura lamba na mako guda, ya kuma lalata wannan ma'aunin, don ba za ka ƙara sanin wa ya zo don labarin ba.

Maganar kuɗi gajera ce. A 2019 aka buɗe tsarin labaran biya, inda mai karatu ke sayen sulallan manhaja ya buɗe babi, daga baya aka sauya shi zuwa Wattpad Originals. Kamfanin ne ke zaɓen wanda zai shiga, ba kowa ke sa wa labarinsa farashi ba. Akwai gasar shekara-shekara ta Wattys, wadda sharuɗɗanta da harsunan da take karɓa suke sauyawa, sai a karanta na shekarar kafin a sa rai. Labarin da ake yawan ja wa sababbin marubuta rai da shi na Beth Reekles ne, 'yar yankin Wales ta Birtaniya, wadda ta fara ɗora The Kissing Booth tana da shekara 15, aka buga shi littafi, Netflix kuma ta mayar da shi fim a 2018. Ya faru da gaske, amma irinsa ɗaiɗai ne a cikin miliyoyin labarai, kuma mai rubutu da harshen da kamfanin bai sa wa ido ba ya fi kowa nisa da wannan layin.

Haƙƙin mallaka yana hannun marubuci, ɗorawa ba ta miƙa shi ga kamfanin. Manhajar tana hana kwafar rubutu kai tsaye, amma ba ta hana ɗaukar hoton allo ko sake bugawa da hannu, kuma akwai shafukan da ke kwashe labarai sukutum su liƙa musu talla. Akwai fom na kai ƙarar satar fasaha, yana aiki a kan abin da aka sake ɗorawa a cikin Wattpad, a waje kuwa sai mutum ya bi da kansa. A ajiye kwafin asali masu kwanan wata, a tura wa kai ta imel kafin kowane saki. Wanda kuma yake da niyyar kai littafin ga kamfanin ɗab'i ya tambaye su tun da wuri, domin wasu ba sa karɓar abin da aka riga aka karanta kyauta, wasu kuma za su nemi a sauke shi a bar babi uku na farko kawai.