Wata goma a Sharon ɗin Baba Direba, daga Birnin Kudu zuwa Kano

Ina gona ina roron wake aka kira ni a waya aka ce an ɗauke ni aikin kula da sito a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa. Na yi hamdala, na koma gida na faɗa wa Inna da maman yara. Sai da murna ta lafa da daddare sannan lissafi ya zo. Ƙauyenmu yana ƙasar Birnin Kudu, tsakaninmu da Kano fiye da kilomita 100, kuma kamfani ya ce ƙarfe takwas na safe ake rufe littafin sa hannu. Ba ni da halin kwashe iyali zuwa birni, Inna ma ta ce ita ba ta barin ɗakinta. Aka tsaya a kan zan riƙa kwana a Kano daga Litinin zuwa Alhamis, ɗaki ɗaya mu uku da wasu 'yan garinmu, ranar Juma'a in dawo gida.

Makonni biyun farko ranar Lahadi da la'asar nake tafiya, saboda tsoron makara. Wannan ya cinye mini rabin hutun. Ka iso Juma'a da dare a gajiye, Asabar ka leƙa gona, Lahadi tun azahar kana haɗa jaka yara suna kallonka. Wani malamin makaranta ne ya ba ni labarin wani dattijo mai Sharon da ke ɗaukar ma'aikata da asubar Litinin. Kowa Baba Direba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Yau wata goma ke nan ina bin motarsa, kuma mutane da dama sun tambaye ni ko ta dace da su, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Tsarinsa ba irin na tasha ba ne. A tasha kana zaune sai mota ta cika, ko da kuwa mutum ɗaya ake jira har hantsi, 'yan kamasho suna ta kiran "Kano, saura mutum ɗaya". Shi Baba fasinjansa na Litinin sanannu ne, yana da sunayenmu a wani ƙaramin littafi da yake sakawa a bayan madubin rana. Ranar Lahadi bayan magariba zai kira kowa: "Malam, gobe da kai?" In ka ce e, kujerarka ta zama taka. In ka fasa ba ka sanar ba, rabin kuɗin yana kanka. Da farko na ga kamar tsanani ne, daga baya na gane wannan dokar ce ta sa motar take tashi a kan lokaci.

Biyar saura kwata yake tsayawa a gindin tsamiyar bakin kwanarmu, ya danna hon sau biyu, gajeru, don kada ya tashi gari. Maman yara takan riga ni farkawa, ta ɗumama tuwon jiya, ta zuba kunu a filas. Ina fita da tocila a hannu, ƙaramar 'yata tana barci da ƙafa ɗaya a waje da bargo, in gyara mata in wuce. A cikin wata goman nan sau biyu kawai na tsaya jiransa fiye da minti goma. Muna bi ta Kwanar Huguma, sai mu tsaya a Kachako mu yi sallar asuba a wani masallaci na bakin titi. Ba ya yarda a haɗa da shan shayi. In ka idar ka shiga mota. Gari yana wayewa muna ƙetare gadar Wudil, kafin bakwai da kwata mun wuce Mariri mun sauka a Unguwa Uku, daga nan in hau Adaidaita Sahu zuwa Sharaɗa. Yawanci takwas saura kwata na sa hannu.

Tuƙinsa shi ne abin da ya fi kwanta mini a rai. Duk mai bin wannan hanya ya san yadda wasu yaran direbobi suke da ƙafa, su yi ta tsere da tirela a kan kwana, waya a kunne. Baba ba ya amsa waya yana tuƙi, yakan miƙa wa na gidan gaba ya ce "Ɗana, ji waye." Lokacin hunturu, da hazo ya rufe hanya har ba ka ganin fitilar motar gabanka sosai, sai mu tashi minti ashirin kafin lokacin da muka saba maimakon ya ƙara gudu. Wata rana wani matashi da ke da jarrabawar ɗaukar aiki ya matsa masa ya taka mota. Baba bai ko waiwayo ba ya ce, "Yaro, iyayenka ni suka ba amana, ba agogo ba." Ya kuma kai shi a kan lokaci.

Motar kanta dai ta ga duniya. Sharon mai mutum bakwai aka ƙera ta, amma mu goma muke shiga ban da direba: biyu a gaba, huɗu a tsakiya, huɗu a baya, kamar yadda kowace motar haya take yi. In kujerar baya ta faɗo maka, kafin Wudil ƙafarka ta mutu. Gilashin ɓangaren dama na tsakiya ba ya hawa sai an ja shi da hannu an tokare da sukundireba, kuma a watan Janairu iskar da ke shigowa ta wannan kafar sai ka ji ta har cikin ƙashi. Ni yanzu da rawani nake tafiya in naɗe kunnuwana. In an cika but da kaya har murfin bai rufu ba, hayaƙin salansa yana dawowa ciki, mata biyu da muke tafiya da su sukan yi fama da tashin zuciya. Na faɗa masa wannan fiye da sau ɗaya. Amsarsa kullum ita ce in ya rage kaya, sai ya ƙara kuɗin kujera.

Ba kuma ƙarya ya yi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, harkar mota ta canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ni naira 5,000 nake biya zuwa, 5,000 dawowa, wato ya ɗara kuɗin tasha da kamar 500. A wata 40,000 ke nan, ban da Adaidaita. Ga wanda albashinsa bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, wannan kuɗi ne mai nauyi ƙwarai, kuma ina ba shi shawara ya zauna da biro da takarda kafin ya ɗauki wannan tsarin. Akwai abokan aikina da suke zuwa gida sau biyu kawai a wata saboda haka. Ni na zaɓi in rage cin nama a Kano in ga yarana duk mako. Baba yana karɓar tiransifa, kuma mu na kullum yana ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen wata in aljihu ya bushe, ya rubuta a littafin nan nasa.

Laifinsa mafi girma a wurina ya faru a watana na biyu, ina cikin lokacin gwaji. Ya ɗauko buhunan gero uku na wani ɗan kasuwa ya ɗora a kan kayanmu. Mun wuce Darki kaɗan tayar baya ta fashe. Allah ya kiyaye, ya riƙe sitiyari har muka gangara gefe lafiya. Da aka sauke kaya aka ciro safaya, sai ga ta babu iska. Sai da aka jira mai faci ya buɗe, aka hau babur aka kai aka dawo. Goma ta wuce na isa wurin aiki, aka yanke mini rabin yini, aka kuma rubuta mini takardar gargaɗi. Raina ya ɓaci sosai, domin wannan sakaci ne, ba ƙaddara kaɗai ba. Ranar Juma'a na same shi na ce, "Baba, aikin nan da shi nake ciyar da mutum shida." Bai kawo uzuri ba. Ya ce laifinsa ne, ya mayar wa kowa kuɗin ranar, ya sayi tayoyi biyu 'yan Beljiyam. Tun daga nan duk Litinin sai na ga ya daki safayar da ƙafa a gabanmu kafin a ɗora kaya. Buhunan hatsi kuma ya daina haɗa su da tafiyar ma'aikata.

Dawowar Juma'a ita ce mai wahala, kuma ba laifinsa ba ne. Ranar ce kasuwar Wudil take ci, ga tirelolin shanu ana lodi, ga masu kayan gwari, ga babura, kowa yana neman gada ɗaya. Tafiyar da muke yi cikin awa biyu da rabi da asuba takan kai huɗu. Yana jiranmu a Unguwa Uku har biyar da rabi, bayan haka ko kai waye ya tafi. Sau ɗaya aikin ƙirga kaya ya riƙe ni na rasa shi, na bi motar tasha, sai sha ɗaya na dare na shiga gida. Da damina kuma, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, ba ya shiga hanyar burjin ƙauyenmu saboda taɓo, a bakin kwalta yake sauke ni in nemi ɗan acaɓa.

Akwai wani abu da ban sa shi a lissafi ba lokacin da na fara, yanzu kuwa ya fi mini komai. Baba yana shiga Kano kusan kullum, don haka ranar Laraba yakan zo mini da saƙo daga gida. Naira 500 yake karɓa, wani lokacin ma ya ƙi. Maman yara takan ɗaure kwanon dambu a cikin tsumma, da ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli, ni kuma in ba shi kuɗin cefane ko sabulu ya kai. Ko naira ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Da zazzaɓi ya kama ɗana na tsakiya a watan Agusta, daren Talata aka kira ni. Ba damar in bar aiki. Na yi ta juyi a kan katifa har asuba, na kira Baba. Shi ya ajiye motarsa a bakin kwalta, ya hau acaɓa ya shiga ƙauye cikin taɓo, ya fito da yaron da uwarsa, ya kai su asibiti a Birnin Kudu kafin ya fara lodi. Da rana ya kira ni ya ce, "Malam, an sa masa ruwa, ya buɗe ido har ya nemi koko. Ka yi aikinka."

Wanda yake son bin sa ya sani kujera ba ta samuwa nan take, sai wani ya bari. Ya nemi ta tsakiya ɓangaren hagu in zai yiwu, ya riƙe rigar sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma kada ya zo da jaka fiye da ɗaya. Mai ciwon baya ko mace mai tsohon ciki, gara su biya kuɗin kujera biyu a gidan gaba, yana yarda da hakan in an faɗa masa tun Lahadi.

Larabar da ta wuce, a cikin tsumman kwanon dambu na tarar da wata takarda da aka yago daga littafin makaranta. Babbar 'yata ce, tana aji uku, ta rubuta da fensir cewa akuyarta ta haifi biyu, kuma ba za a raɗa musu suna ba sai na dawo Juma'a. Na kira Baba na ce ya riƙe mini kujerata ko da zan makara da minti biyar. Ya ce biyar da rabi dai, Malam. Biyar da kwata ina Unguwa Uku.